Daga Cooperstown Zuwa Cleveland: Wa Ya Fi Ƙarfin Jifa, Na Da Ko Na Yau?

Garin Cooperstown bai cika mutum 2,000 ba, fitilar ba da hannu ma ɗaya ce tak a cikinsa. Yana bakin tafkin Otsego a tsakiyar jihar Niyok, tafiyar kamar awa huɗu a mota daga unguwar Bronx inda yayata take aure. Da asuba muka kama hanya mu uku: ni, da maigidanta Alhaji wanda tuƙin tasi ne sana'arsa, da babban ɗansu mai shekara 16, wanda shi ya matsa sai an kai ni. A Bronx aka haife shi, Hausarsa da ɗan gargada, amma wasan besbol ya shiga jininsa tun yana ƙarami, har ya zama mai jifa a ƙungiyar makarantarsu. Muka bi kwarin kogin Hudson muka yi arewa, daf da Albany muka karkata yamma, daga nan sai gonakin masara da garken shanu da jajayen rumbunan katako, hanya tana hawa tana gangara.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, mutum ɗaya ne zai tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, riƙe da ƙwallo mai tauri wadda take cika tafin hannu, nauyinta bai kai giram 150 ba. Zai wurga ta ga abokinsa da ke tsugune can gaba, sanye da sulke da makekiyar safar hannu. A tsakaninsu ɗan ƙungiyar hamayya yana tsaye da gora, burinsa ya maka ƙwallon ta yi nisa ya samu damar gudu, in ya zagayo filin ya dawo ƙungiyarsa ta ci maki. In ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya, haka za a yi ta yi har zagaye tara. Rabin wasan a dantsen mai jifan nan yake, shi ya sa babu musun da Amurkawa masu son besbol suka fi jin daɗinsa kamar na wa ya fi kowa ƙarfin jifa.

Mu tun a mota musun ya same mu. Yaron ya ce, "Kawu, mutanen da fa suna kawai suka tara. Walter Johnson ɗin da ake ta kururutawa, da aka auna jifansa mil 83 a awa aka samu. A makarantarmu ma akwai mai yin haka." Alhaji, wanda in ba ƙwallon ƙafa ba babu wasan da ya dame shi, ya ce masa ya rage raina na gaba, kowane zamani da mazajensa. Ni na yi shiru ina lissafi. Mil 83 kilomita 134 ne, manyan masu jifan yau kuwa suna haura mil 100, wato kilomita 161. Tazarar ta yi mini yawa, na ƙudurta sai na bi diddiginta.

Gidan tarihin besbol na ƙasa yana kan babban titin garin, ginin jan bulo mai hawa uku, an buɗe shi a 1939. Abin da ya kawo shi wannan ƙauye wani labari ne da ya bazu cewa wani soja mai suna Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan a nan a 1839. Masana tarihi sun daɗe da rushe labarin, amma gini ya riga ya zauna, garin kuma da shi yake ci. Titin kaf shagunan gora ne da huluna da riguna.

A hawan ƙasa akwai dogon zaure mai bangon katako, an jera allunan tagulla, kowanne da fuskar gwarzo ɗaya da 'yan layuka a kan aikinsa. Can ƙuryar zauren aka sa na mutum biyar ɗin farko da aka zaɓa a 1936: Ty Cobb, Babe Ruth, Honus Wagner, Christy Mathewson da Walter Johnson. A allon Johnson an rubuta cewa kowa ya sallama shi ne mafi saurin jifa a tarihin wasan. A gona aka haife shi a jihar Kansas, ya yi wa ƙungiyar Washinton wasa daga 1907 zuwa 1927, ya ci wasa 417. Sau 110 yana gama wasa abokan hamayya ko maki ɗaya ba su samu ba, kuma har yau ba a yi wanda ya kamo shi a wannan ba. A hotuna za ka ga dogon mutum mai dogayen hannuwa, ta gefe yake shauɗo hannun maimakon ta sama. Yaron ya karanta allon, ya ɗaga kafaɗa, ya wuce.

A hawa na biyu na fara gane cewa aikin da ake kira jifa a da daban yake da na yau. A farkon wasan doka ta hana ɗaga hannu sama, ta ƙasa ake lilo da shi a saki ƙwallo, daga tazarar ƙafa 45. Mai gora ma yana da ikon ya ce a jefo masa sama-sama ko ƙasa-ƙasa, dole a bi, sai a 1887 aka soke wannan. Masu jifa suka yi ta satar ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, har aka gaji a 1884 aka sakar musu mara. Ba a daɗe ba masu gora suka shiga uku, musamman a hannun wani ƙato mai suna Amos Rusie, sai a 1893 aka ja mai jifa baya zuwa ƙafa 60 da inci 6, kusan mita 18 da rabi. Wannan tazarar ce har gobe.

A shekarar da aka saki hannun, wani Charles Radbourn na ƙungiyar Providence ya fara wasa 73, ya kuma kai kowannensu ƙarshe da kansa, zagaye sama da 670 a kaka ɗaya. Ana ba da labarin cewa da safe ko kansa ba ya iya tajewa saboda ciwon hannu, amma rana na yi zai fita fili. Yau wanda ya yi zagaye 200 a kaka kallon jarumi ake yi masa. Na daɗe gaban safar hannun wancan zamani, 'yar fata marar kauri, ina tunanin tafin mutumin da aikinsa shi ne cafke jifan Rusie yini guda.

A lambun da ke gefen ginin akwai mutum-mutumin tagulla biyu suna fuskantar juna, Johnny Podres ya saki ƙwallo, Roy Campanella yana tsugune yana jira, 'yan ƙungiyar Brooklyn da ta ci kofi a 1955. An bar tsakaninsu daidai ƙafa 60 da inci 6. Na je na tsaya inda mai gora zai tsaya. A talabijin wurin kamar da faɗi, a tsaye kuwa mutumin daf da kai yake. Ƙwallo mai gudun mil 100 cikin kashi huɗu bisa goma na sakan take cinye wannan tazara, kuma a cikin wannan ƙiftawar mai gora zai gane inda ta dosa, ya yanke shawara, ya kawo gora.

A kan benci kusa da mu akwai wani dattijon Bature da jikarsa. Ya ji yaron yana maimaita zancen mil 83 da Turanci, sai ya sa baki, ya ce shi tsohon malamin kimiyya ne a sakandare. Tambaya ɗaya ya yi masa: a ina aka auna, a hannun mai jifa ko bayan ƙwallon ta iso? Yaron ya ce ai duk ɗaya ne. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ƙwallon besbol ɗinki 108 ne a jikinta, ba sumul take ba, iska na riƙe ta tun daga sakinta, kafin ta kai wurin mai gora ta zubar da mil 8 zuwa 10 na gudunta. Na'urorin yau a bakin yatsun mai jifa suke ɗaukar lamba, inda gudun ya fi yawa. Na da a ƙarshen tafiya suke ɗauka, inda ya fi raguwa. Ya ce duk wanda ya jera lambobin biyu bai gyara ba, ya zalunci mamata.

Labarin mil 83 ɗin kuwa ga yadda yake. A watan Oktoban 1912 wata mujallar besbol ta kai Johnson da wani mai jifa, Nap Rucker, masana'antar bindigogi ta Remington a garin Bridgeport na jihar Connecticut, inda ake da na'urar auna gudun harsashi. Ƙwallo za ta ratsa wani firam mai siraran wayoyin tagulla, ta je ta daki farantin ƙarfe a bayansa, a lissafa lokacin da ta ɗauka. Babu tudu, kakar wasa ta ƙare, mutanen kuma da kayan fita unguwa suke. Ga shi don mai harbi aka ƙera firam ɗin, Johnson mai jifa ta gefe sai da ya sha wuya kafin ya saita. Ya samu ƙafa 122 a sakan, Rucker 113. Masana da suka sake lissafin da ma'aunin yau sun kai Johnson wajen mil 93 zuwa 94. A ƙasa marar tudu ke nan, ba shiri, mutumin 1912 ya yi jifan da ya yi kunnen doki da na matsakaicin ƙwararren yau.

Shi Bob Feller na Cleveland har tsere aka haɗa shi da babur. Wajen 1940, a wani lambun shaƙatawa a Shikago, ɗan sanda ya taho a kan babur da gudun mil 86 ya wuce shi, sannan Feller ya saki ƙwallo, ta riga babur ɗin fasa takardar da aka kafa a gaba. Wannan ya fi kama da nishaɗin 'yan kallo. Gwajin gaske a 1946 aka yi shi a filin Griffith na Washinton, da na'urar soja ta auna gudun harsashin igwa, wadda aka ajiye daidai inda mai gora ke tsayawa. Ta nuna 98.6, bayan iska ta gama cin rabonta. Wani shahararren mai jifa, Nolan Ryan, kuma a Agustan 1974, a Anaheim, injiniyoyin kamfanin Rockwell suka auna shi kamar ƙafa 10 kafin wurin mai gora, suka samu 100.9. In aka mayar da su ma'aunin yau, lissafi yana kai Feller wajen 107, Ryan wajen 108. Mai riƙe da kambun a hukumance, Aroldis Chapman ɗan Kyuba, 105.8 ya yi a Satumbar 2010 a San Diego. Shi ma 105.1 aka fara rubuta masa, sai da aka matsar da wurin awon zuwa bakin hannu lambar ta ƙaru.

Ni ba zan dafa littafi a kan 107 da 108 ba, domin na'urori ne daban-daban, kowace da irin kuskurenta, kuma ƙarin da aka yi na alƙalami ne. Amma ko an zaftare mil huɗu ko biyar, Feller da Ryan suna nan a sahun gaba na kowane zamani.

Dattijon ya kuma ambaci Steve Dalkowski, wanda bai taɓa taka babbar gasa ba, wato gasar ƙoli ta ƙwararru a Amurka. Waɗanda suka tsaya gabansa a ƙananan gasa, ƙarshen shekarun 1950, da yawansu sun tafi a kan cewa ba su ga kamarsa ba. Sai dai ƙarfi ne ba saiti. A 1960, cikin zagaye 170, ya fitar da masu gora 262, ya kuma bai wa 262 hanya kyauta saboda jifansa yana karkacewa. Da aka kai shi sansanin gwajin makamai na Aberdeen, sai da ya yi ta wurgi har ya galabaita kafin ƙwallo ta bi ta cikin na'urar. A 1963, lokacin da ya fara samun saiti har ana shirin ɗauko shi sama, gwiwar hannunsa ta ba da kai, bai sake komawa yadda yake ba.

Kusa da filin wasa na Doubleday akwai rumfar da ake biyan 'yan daloli a yi jifa, na'urar rada ta nuna lamba. Asalin na'urar ta 'yan sanda ce ta kama masu gudu da mota, wani kocin jami'a a Michigan, Danny Litwhiler, ya shigo da ita besbol a shekarun 1970. Yaron ya tuɓe rigar sama ya yi ta wurgi da iya ƙarfinsa, lambar tana yawo a wajen 80. Duk jifa sai ya waiga ya dubi allo kafin ya dubi inda ƙwallon ta sauka. Da muka fito na lura yana murza cikin gwiwar hannunsa ta dama da babban yatsa. Na tambaye shi lafiya, ya ce, "Ba komai, Kawu, kowa ma yana ji."

Washegari muka yi sammako zuwa Cleveland. Syracuse, Rochester, Buffalo, sannan hanya ta kama gefen tafkin Erie, ruwa iya ganinka, gonakin inabi a jere. Muka haɗa azahar da la'asar a wurin hutun matafiya, muka ci dambun naman da yayata ta ƙulla mana. Da yake damina ce a can, muna shiga birnin rana da sauranta sosai.

A unguwar Hough, gabashin birnin, akwai ragowar tsohon filin League Park, ɗakin sayar da tikiti da wani yanki na katangar bulo. An gyara filin, yara suna wasa a ciki. Cy Young ne ya yi jifan farko a nan ranar da aka buɗe shi a 1891, mutumin da ya ci wasa 511, ya kammala 749 da kansa, wanda sunansa kyautar gwarzon mai jifa ta kowace shekara take ɗauke da shi. A wannan filin ne kuma aka fara bai wa Feller ya buɗe wasa, a Agustan 1936, yaro ɗan shekara 17 daga gonar mahaifinsa a Van Meter ta jihar Iowa. Ya fitar da masu gora 15. Bayan 'yan makonni ya fitar da 17. Kaka ta ƙare ya koma gida ya ƙarasa sakandare. Na ce wa ɗan yayata, "Shekara ɗaya tak ya girme ka." Wannan ta shige shi fiye da duk lissafin dattijon jiya. Feller kansa yakan danganta ƙarfin hannunsa da aikin gona, tatsar shanu da ɗaukar damin ciyawa. Kwana biyu bayan harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor a 1941 ya shiga sojan ruwa, yaƙi ya cinye masa kusan kaka huɗu a lokacin da yake ganiyarsa, ya dawo a 1946 ya fitar da mutum 348, ya kammala wasa 36, zagaye 371.

Sai dai shi ma yaron yana da tasa gaskiyar, kuma na faɗa masa a nan bakin katangar. Johnson da Feller sun yi suna ne domin sun fita daban a cikin tsararsu. Talakan mai jifa na zamaninsu bai kusa da su ba, bai kuma kusa da talakan mai jifa na yau ba. A zamanin Johnson, mutum uku ko huɗu ƙungiya take asara a wasa ta hanyar kuskure uku, yau sun haura takwas. Tun 2008 da aka sa na'urar awo a kowane fili ake da lamba tabbatacciya: matsakaicin jifa mai sauri a lokacin kusan mil 92 ne, a 2024 ya haura 94. Mil 100 da a da sai a shekara ba a gani ba, yanzu kusan kowace ƙungiya tana da mai yin sa.

Dalili ɗaya shi ne yawan waɗanda ake zaɓa daga cikinsu. Shekaru da dama har zuwa 1947 baƙar fata ba ya shiga babbar gasa. A lambun nan na Cooperstown akwai mutum-mutumin Satchel Paige, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gasar baƙaƙen fata, sai yana da shekara 42 Cleveland ta ɗauke shi a 1948. Duk mai lissafin ƙarfin mutanen da, in bai sa Paige da Smokey Joe Williams, wani gwanin jifa na gasar baƙaƙen fata, ba, rabin mutanen ya ƙirga, kuma wannan ya tsaya mini a rai, domin an hana su fili a lokacin da hannunsu yake da zafi. Yau kuwa daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Kyuba da Japan ake kwaso yara. Ga horo da ƙwallaye masu nauyi, ga kyamarori masu ɗaukar motsin kowace gaɓa a gyara ta.

Amma babban dalili aikin ne ya sauya. A 1905 Christy Mathewson ya yi wasa uku na gasar cin kofi cikin kwana shida, ko maki ɗaya ba a ci shi ba, kuma shi ne ya rubuta a 1912 cewa mai jifa ya riƙa adana ƙarfinsa sai wuri ya yi wuri. A wancan lokaci ƙwallo ɗaya za a yi ta bugu har ta yi laushi ta yi baƙi, ba ta nisa. Frank Baker, da ya fi kowa fitar da ƙwallo bayan katanga a gasarsu daga 1911 zuwa 1914, tsakanin 9 da 12 yake yi a kaka. Mai jifa zai iya sassautawa ga mai rauni, ya jira gwani sannan ya saki hannu. Yau na ƙarshen layi ma zai iya fitar da ita waje, don haka babu jifan da ake sassautawa. Na da raƙumin azalai ne da zai tashi daga Agadas sai Bilma, na yau dokin sukuwa ne, kuma ba a tambayar raƙumi dalilin da bai yi gudun doki ba.

Da safe muka je maƙabartar Lake View, kabarin Ray Chapman. Mutane sun ajiye ƙwallaye da huluna a kan dutsen. Ɗan wasan Cleveland ne, a Agustan 1920 a Niyok jifan Carl Mays ya same shi a kai. Ƙarar ta yi yawa har Mays ya zaci gora ƙwallon ta daka, ya ɗauke ta ya jefa wa abokinsa. Washegari Chapman ya rasu yana da shekara 29. Daga nan aka tsananta sauya ƙwallo da zarar ta yi dauɗa, amma hular kwano sai a shekarun 1950 ta zama dole. Wato duk waɗanda suka tsaya gaban Johnson, da mafi yawan waɗanda suka tsaya gaban Feller, da hular yadi suka tsaya. Johnson yana matuƙar tsoron ya kashe wani, Ty Cobb kuma ya gane haka, sai ya riƙa matsowa daf da inda ƙwallo za ta bi don ya tilasta masa kaucewa. Yaron bai ce komai ba a wurin kabarin. Alhaji ne ya ce ashe wasan ma da ajali a ciki.

Da yamma muka shiga filin ƙungiyar Cleveland. A bakin ƙofa Feller yana tsaye da tagulla, ƙafar hagu a sama. A ciki kuwa duk jifa ɗaya sai lamba ta fito a allo: 95, 96, 94, 97. In ta kai 100 sai filin ya ɗauki sowa ko da jifan bai yi kyau ba. Wanda ya buɗe wasan bai kai ƙarshe ba, aka cire shi tun da sauran zagaye, daga nan sai wani ƙato ya fito daga can bayan fili ya yi zagaye ɗaya da iya ƙarfinsa ya koma, wani ya karɓa. Haka ake yi yanzu ko'ina. A kakar 2024, wasannin da masu jifan ƙungiyoyi 30 suka kammala da kansu, in aka haɗa su duka, ba su kai 36 ɗin da Feller shi kaɗai ya yi a 1946 ba. Abin kallo ne ƙwarai, sai dai ni hankalina yana kan yaron da ke gefena yana karanta lambobin a fili.

A cikin gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙashin dantse da na hannu. Masu binciken motsin jiki a Birmingham ta jihar Alabama sun daɗe da nuna cewa jifa da iya ƙarfi yana kai ta daf da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ana iya gina tsoka a ɗakin motsa jiki, ita kuwa jijiyar ba ta ƙaruwa haka. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga ɗaya hannun wani mai jifa, Tommy John, ya dasa masa a madadin wadda ta tsinke, mutumin ya dawo ya yi wasa har 1989. A lokacin abin al'ajabi ne. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na masu jifan babbar gasa an yi musu wannan tiyata, jinyarta kan wuce shekara, kuma 'yan sakandare sun fara cika layin. Hannun mutanen da ma ya karye: Smoky Joe Wood ya ci wasa 34 a 1912, bayan nan hannun ya lalace har ya bar jifa, Sandy Koufax ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30. Amma su ba allo ne yake ingiza su ba. A ƙarshen 2024 hukumar gasar da kanta ta fitar da rahoto cewa neman ƙarin gudu da jifa da iya ƙarfi su ne kan gaba wajen jawo raunin. Ƙwararre aƙalla an biya shi. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne yaro ɗan shekara 16 yana murza hannu yana cewa kowa ma yana ji.

A masauki na zaunar da Alhaji na faɗa masa abin da na gani a rumfar Cooperstown. Na nuna masa ƙa'idar da hukumomin wasan suka fitar don yara: mai shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, a ba shi kwanakin hutu bayan kowane wasa mai nauyi, kuma ya huta da jifa aƙalla wata huɗu a shekara. Alhaji ya kira yaron ya tambaye shi yaushe rabonsa da hutun wata guda cur. Ya ce daga gasar makaranta sai ta bazara, daga ita sai ta kaka, da sanyi kuma a rufaffen ɗaki suke horo. Alhaji ya ce ranar Litinin kafin ya fita aiki za su je a duba hannun, kuma babu jifa sai abin da likita ya ce.

Yaron ya ce, "Baba, in na zauna wata huɗu wasu za su wuce ni. Masu neman 'yan wasa daga jami'o'i in ba su ga 90 ba, ko sunanka ba sa rubutawa."

Alhaji ya ce, "Su wuce ɗin."

Da gari ya waye muka kama hanyar gida ta Pennsylvania. Uban da ɗan ba su daidaita a kan wata huɗun ba har muka tsallaka iyakar jihar, amma zuwa asibiti ranar Litinin ya tabbata, yaron da bakinsa ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata.